Wasiƙa daga Maradi kan soron kusurwar layinmu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran ƴan uwa da ke tare da ku a Abijan. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta ɗauke, an fara shigo da gero gida, kuma tsohuwa ta ce in gaishe ka, in tambaye ka ko ka manta hanyar Maradi ne.

Na rubuto ne domin in ba ka labarin soron nan na kusurwar layinmu a Bagalam, mai zankwaye a kai, wanda muke karatun allo a zaurensa da dare. Bayan rasuwar mai gidan indararonsa ya karye, ruwa ya riƙa bin bango yana cin gindinsa damina bayan damina, har kowa ya ɗauka magada za su rushe shi su jera shagunan bulo, kamar yadda ake yi ko'ina cikin gari yanzu. Babban ɗan marigayin ya ƙi. Ya tafi wani ƙauye bayan Tibiri ya ɗauko wani tsohon magini, wanda idanunsa sun fara rauni amma hannunsa bai manta ƙasa ba.

Na zauna na kalli aikin kwanaki da dama, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji kunyar jahilcina. Ranar farko dattijon bai taɓa ko tubali ɗaya ba. Ya zagaya ginin yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsunsa yana saurare, inda ya ji amo kamar na ƙwarya sai ya yi alama da gawayi. Da aka ɓamɓare yaɓen simintin da aka yi wa fuskar gidan shekarun baya, sai ga ƙasar da ke bayansa a jiƙe, tana zubowa kamar garin tuwo. Ya ce bangon ƙasa yana shan ruwa da damina ya fitar da shi da rani, amma idan aka rufe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta tsaga ba ya samun hanyar fita, sai ya zauna a ciki yana cin ginin daga ciki, alhali daga waje kana ganinsa sumul. Daga nan aka jiƙa jar ƙasa da ciyawa aka bar ta ta yi kwanaki, yara suna tattake ta da ƙafa, aka mulmula tubali aka shanya. Azarar da ta lanƙwashe aka musanya ta da ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ko da yake yanzu sai an nemo ta daga nesa kuma da tsada. A ƙarshe aka yi yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wanda ya mayar wa bangon da duhun launin da muka sani muna yara.

Ganin haka ya sa wani ɗan kasuwa da ke riƙe da tsohon sito kusa da babbar kasuwa ya fasa rushe nasa. Siton na zamanin gyaɗa ne, lokacin da kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ke saye, kafin a kafa SONARA, kamfanin ƙasa na cinikin gyaɗa, a 1962, kuma kafin farin shekarun 1973 da 1974 ya karya wannan ciniki. Ya gyara rufin, ya bar ƙofofin katako masu kauri yadda suke, har ƙugiyar da ake rataya sikeli bai cire ba. Hatsi yake sayarwa a ciki yanzu, kuma da tsakar rana a watan Afrilu mutane suna shiga su zauna kan buhu don sanyin wurin kawai.

Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, mai unguwa ya tara mutane a ƙofar soron domin a gode wa waɗanda suka yi wannan aiki. An shimfiɗa tabarmi, an raba goro, an yi addu'a. Abin ya yi kyau, amma akwai inda ya sosa mini rai. Mutum uku suka yi magana a jere, kowanne yana yabon masu dukiyar da suka kashe kuɗi, shi kuwa maginin yana zaune can bakin tabarma da takalmansa a gefe, babu wanda ya ambace shi. Sai da liman ya tashi ya ce a matso da dattijon gaba, sannan aka sa masa riga da hula, aka kira yaran da suka yi masa kwaɓa su ma aka sa musu albarka. Ban raina abin da masu gidajen suka yi ba, domin da sun ga dama da tuni katafila ta wuce ta wurin. Sai dai kuɗi ana samunsu kullum a garin alhazai, amma masu sanin ɗaurin guga da bakan gizo, wato dabarun ɗaure rufin soro, ƙirga su ake yi da yatsu, kuma ƴaƴansu kabu-kabu suke yi, saboda ba su ga sana'ar ta jawo wa iyayensu daraja ba. Ka tuna masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa, wanda aka fara ginawa da ƙasa a 1962? Lokacin da ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986, sunan magininsa, Falke Barmu, shi duniya ta ji.

Bayan taron wani abokin aikina ya ce mini wahalar banza ce, wai tarihi yana Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan gadon duniya a 2013, ko a Birnin Damagaram, amma Maradi ba ta da tsohon gini. Gaskiya ne cewa garin da Ɗan Kasawa da Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi suka zauna yana cikin kwarin Gulbi ne, kuma ambaliyar 1945 ta ci shi, aka hau tudu aka yanka sababbin tituna. To amma wannan ne ma ya sa nake ganin gidajen da aka gina bayan hawan tudun sun cancanci a riƙe su da hannu biyu. Kakanninmu ne suka ɗora su da hannunsu bayan sun rasa komai, suka taho da sunayen unguwanninsu, Bagalam da Mokoyo da Limanci da Ƴandaka, suka sake kafa su a sabon wuri. Ba mu da gidajen da suka girme su.

Shawarar da ni da wasu malamai muke so mu kai wa fada da ma'aikatar magajin gari ita ce a riƙa yin irin wannan karramawa kowace shekara, a manna ɗan allo a bangon duk gida ko kantin da aka gyara, ɗauke da shekarar gininsa da sunan maginin da ya gyara shi, kuma a duba ko za a sassauta wa mai shi haraji. Na dage a kan sharaɗi ɗaya: wanda ya lulluɓe bangon ƙasa da siminti ya shafa fenti kada a lissafa shi cikin masu gyara.

Yanzu sai maganar da ta shafe ka. Na leƙa gidan Baba a Mokoyo makon jiya. Zauren yana nan da ƙarfinsa, amma azara biyu na shigifa sun fara lanƙwasa, kuma indararon gabas ya toshe da ƙasa. Dattijon maginin ya ce zai tsaya a gari har ƙarshen sanyi, kuma ya yarda ya je ya duba. Ka yi shawara da yayyenka ka sanar da ni kafin lokacin, domin aikin ƙasa ba a fara shi idan hadari ya kusa. Idan kana da hoton nan na Baba a ƙofar gida wanda zanen saman ƙofar ya fito sosai, ka turo mini ta WhatsApp, dattijon yana so ya gani kafin ya sa hannu.

Ka gaida uwargida da yara da kyau. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
amininka na Bagalam