Wasiƙa daga Abu Dhabi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ka ce in ba ka labarin Masdar, birnin nan da aka ce ba zai fitar da hayaƙi ba. Ranar Asabar na je, dab yake da filin jirgin sama. A 2008 aka fara gininsa, kamfanin Norman Foster na Ingila ne ya zana shi, da nufin a dogara da makamashi mai tsafta, musamman hasken rana, kuma motar fetur ba za ta shiga ba. Alkawarin bai cika ba tukuna. Matsin tattalin arzikin duniya na wancan lokaci ya ja musu birki, har yau akwai filaye fayau, motocin lantarkin nan marasa direba ma ɗan gajeren zango aka yi musu. Tashar sola mai megawat 10 dai tana nan a gefen gari.

Amma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Da azahar na isa, rana kamar ta fasa kai. Ina shiga lungunan sai na ji zafin ya sassauta. An matse hanyoyin, gine-gine suna yi wa juna inuwa, an kare tagogi da ado mai huda-huda launin jar ƙasa, haske ya shigo, rana ta tsaya waje. A tsakar fili akwai hasumiya mai tsawon mita 45 da ke kamo iskar sama ta turo ta ƙasa. Na zauna a gindinta kusan rabin awa. Wallahi unguwar Birni na tuna, lungunan Damagaram da zauren kakanku, yadda muke baje tabarma a daɓe cikin bazara ba fanka.

Shi ya sa hankalina ya tashi da ka ce za ka rushe soron gidanku ka zuba bulo da kwano. Don Allah ka dakata. Ka duba azara, ka gyara indararo, a yi sabon yaɓe kafin damina. Canjin da ya rage ka sayi farantan sola biyu da batir. Sai dai ka riƙa goge su, musamman da hunturu, don ƙura tana rage musu ƙarfi, nan ma da ita ake fama.

Idan kuɗin magina ne matsalar, ka faɗa min, ƙarshen wata zan turo abin da ya samu. Ka gaida su Inna da yara.

Naka har kullum.