Ba esi kaɗai ke shan gas ɗin a-kori-kura ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani abu da ake yawan gardama a kansa a garejin kanikawa da bakin gidajen mai a nan Jos, wato alaƙar da ke tsakanin ƙananan na'urorin jin daɗi da ake sa wa motocin a-kori-kura masu aiki da man dizal, wanda direbobi suka fi kira gas, da yawan man da motocin ke sha. Sana'ata jigilar dankalin Turawa da kayan gwari ce daga Filato zuwa Abuja, don haka duk litar da ta ƙone a banza daga ribata aka cire ta, daga baya kuma mai sayen tumatir a kasuwa ya biya.

Gas bai ci gajiyar tallafin da fetur ya daɗe yana ci ba, domin an sakar wa kasuwa farashinsa shekaru da yawa kafin a cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. A shekarar 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, farashin lita ya ninka cikin 'yan watanni, sannan ya haura naira 1,500 a farkon 2024, kafin matatar Ɗangote ta fara sayarwa ta saukar da nata farashin zuwa naira 1,000 a watan Afrilun shekarar. Duk da haka masu lodi ba su rabu da injin gas ba, saboda litar gas ta fi litar fetur ƙarfi, injinsa kuma ya fi ja idan an ɗora masa kaya a hawa. Shi ya sa Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa tun 1968, da Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max da Ford Ranger suka cika hanyoyinmu.

Ra'ayin da ya fi yawa tsakanin tsofaffin direbobi shi ne duk maɓallin da aka ƙara wa mota mai yake sha, gara tsohuwar a-kori-kura da ake murɗa gilashinta da hannu. Ina girmama waɗannan dattawa, domin a hannunsu muka koyi hanya, amma a wannan magana ban yarda da su ba. Wurin cajin waya da rediyo da gilashi mai hawa da lantarki da kyamarar da ke nuna baya, duk wutar da suke ja ba ta taka kara ta karya ba idan aka kwatanta da ƙarfin da inji ke bukata don tura motar da nauyinta ya kai tan biyu ko babu kaya. Esi, wato na'urar sanyaya cikin mota, shi ne kaɗai a cikin na'urorin jin daɗi yake da nauyin da za a ji, saboda inji ne ke juya shi da bel, kuma an fi jin nauyinsa a cunkoso irin na Mararaba da Nyanya, inda mota ke tafiyar hawainiya rana na dukan rufinta. A Jos, inda muke zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, yawancin shekara ana iya sauke gilashi a cikin gari a huta da esi. A babbar hanya kuwa, idan gudu ya yi yawa, gilashi a buɗe yana sa iska ta riƙe mota, ribar kashe esin ta ragu ƙwarai, ga ƙurar hunturu da mutum zai shaƙa.

Inda man yake tafiya da gaske shi ne barin inji a silo, wato yana aiki mota na tsaye. Duk wanda ya bi ta bakin ma'aikatu da otal-otal a Abuja a watan Maris ko Afrilu zai ga a-kori-kura jere, gilashi a rufe, inji na aiki, direba na ciki yana jiran maigida ya fito daga taro. Injin gas mai girman lita biyu da rabi zuwa uku yana ƙona tsakanin rabin lita da lita guda a awa yana tsaye, ya danganta ko esi na kunne. A ƙaddara awa biyu a rana, kwana ashirin na aiki a wata: lita 20 zuwa 40 ke nan, alhali tankin Hilux gaba ɗaya lita 80 yake ci. Ban ga laifin direban ba, domin zafin Abuja a wannan lokaci ba abin wasa ba ne, kuma ba za a ce ɗan Adam ya zauna cikin ƙarfe mai zafi awa biyu ba. Laifin na wanda ya gina ofis ya tanadi wurin ajiye mota ɗari amma bai kafa rumfa ɗaya da benci da fanka don direbobi ba. Kuɗin rumfar bai kai kuɗin gas ɗin da ake ƙonawa a harabar cikin 'yan watanni ba.

Mu ma a Jos muna da namu salon ɓarnar. Idan sanyin Disamba da Janairu ya kankama, sai ka ji mota na ruri a ƙofar gida tun bayan sallar Asuba, an ce ana ɗuma inji, a yi rabin awa ba a motsa ba. Sababbin injuna ba sa bukatar haka. Abin da ake so shi ne a jira fitilar hita, wadda ke nuna ana ɗuma cikin inji, ta mutu kafin a tayar, a ba inji kamar minti ɗaya baƙin mai ya zagaya, sannan a tafi a hankali ba tare da danna totur ba, domin injin gas ya fi saurin ɗaukar zafi yana tafiya. Na'urar tayar da mota daga nesa, wadda wasu ke sawa yanzu, tana da daɗi, amma tana sauƙaƙa wannan ɗabi'a, tunda mutum zai danna daga ɗaki ya koma shan shayi. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar cire tamostat da wasu kanikawa ke yi da zarar mota ta shigo hannunsu, da hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne. Aikin wannan ƙaramin ƙarfe shi ne ya tare ruwa kada ya shiga lagireto sai inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Idan aka cire shi, inji ya riƙa aiki da sanyi, ya ƙara shan mai, ya ƙara hayaƙi, ya yi saurin cinyewa. A gari irin Jos wannan asara ce biyu.

Akwai kuma na'urorin da nake ganin sun cancanci kuɗinsu, kuma dukkansu masu gaya wa direba gaskiya ne. Babba a cikinsu ita ce allon da ke nuna lita nawa mota ke sha a kowane kilomita 100. Daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi kusan kilomita 300 ne, don haka motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta bukaci kusan lita 30, wadda ke shan 12 kuwa ta bukaci 36. Wannan bambancin lita shida shi ne yake haddasa faɗa tsakanin mai mota da direba, mai mota na zargin an zuƙe masa mai an sayar wa 'yan bumburutu, direba na rantsuwa da Allah bai taɓa ba, alhali sau da yawa ƙafarsa ce ta yi nauyi ko tayarsa ba iska. Idan lambar na gaban kowa, zargi ya ragu, direba kuma ya ga da idonsa yadda take hawa idan ya danna totur. Wanda motarsa ba ta da allon yana iya cika tanki, ya rubuta kilomita, ya sake cikawa bayan tafiya ya yi lissafi, kuma wannan lissafin ya ma fi na allon inganci.

Allon nan ne ya fi taimaka mini wajen shawo kan direbobi a kan maganar sa mota a firi a gangara. Kowa ya san Hawan Kibo da irin rayukan da aka rasa a wurin. Har yanzu akwai masu sakin giya idan sun fara gangarowa da lodi, suna ganin tattalin mai suke yi. A sababbin injunan gas da kwamfuta ke sarrafa feshin mansu, idan mota na cikin giya aka ɗaga ƙafa daga totur, feshin mai yakan tsaya cak, nauyin motar ne ke juya inji, allon ma sifili yake nunawa. Idan kuwa aka sa firi, dole inji ya ci gaba da shan mai don kada ya mutu, ga shi an bar birki shi kaɗai da buhunan dankali a bayansa har ya yi zafi ya daina kamawa. Wato mai firi bai tsira da man ba, ya kuma sa ransa da na mutane a haɗari. Giya ta uku ko ta biyu, gwargwadon lodi da tsinin gangarar, ita ce ta dace.

Gudu ma haka. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: daga kilomita 100 zuwa 120 a awa tana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari, kuma a-kori-kura mota ce mai tsayi da faɗin goshi. Na'urar riƙe gudu, wadda ke ba direba damar ɗaga ƙafarsa mota ta ci gaba a kan lamba ɗaya, tana da amfani a shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta filin jirgin saman Abuja, domin tana hana dannawa da saki. A hawa da gangara irin namu na Filato kuwa gara a kashe ta, saboda ba ta ganin tudu kafin ta iso shi, sai ta yi ta zuba mai don kada gudun ya ragu.

Abin mamaki shi ne mutumin da ke ƙorafi a kan esi shi ne zai kai motarsa a ɗaura mata ƙaton ƙarfen kariya a gaba, da kariyar ɗaukar kaya a kan rufi da ba a ɗora mata komai, da jerin fitilu a sama, da manyan tayoyi masu kaushi irin na shiga laka, alhali motar ba ta barin kwalta. Duk waɗannan suna ƙara nauyi ko tare iska ko wahalar da juyawar taya, kuma ba maɓallin da za a danna a kashe su. Tayar da ta fi asalin girmanta tana kuma ɓata lissafin kilomita da na gudu, sai mutum ya rasa ma yadda zai auna man da yake sha. Iskar taya kuwa, takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta faɗi adadin da ya dace, da kaya da babu kaya, amma yawancinmu mun bar wa mai faci ya buga tayar da hannu ya ce ta yi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce daidaita iskar taya na iya rage shan mai har da kashi 3 cikin ɗari. Fitilar da ke gargaɗi idan iska ta ragu, ko ƙaramin ma'auni a aljihun mota, sun fi duk kayan adon nan amfani.

Giyar jan ƙafa huɗu ita ma ta zama abin lura tun da aka mayar da ita ɗan maɓallin murɗawa. A da sai direba ya sauko ya murɗa makullin tayoyin gaba da hannunsa, don haka ba ya mantawa. Yanzu mutum zai fito daga lakar gonakin Bokkos ko Mangu da damina, ya hau kwalta, ya yi ta tafiya da ita a kunne, mai na tafiya, taya na cinyewa, ƙarafan ƙasa na shan wahala a kowace kwana.

Sai fitilar da ke nuna ruwa ya taru a ƙasan filtar mai. Na taɓa ganin an yanke wayarta don kawai ta dami direba da haske. Sababbin injuna suna fesa mai da matsin da ya ninka na iskar taya sau ɗaruruwa, ta ƙofofin nozil da ido ba ya iya gani sosai, kuma ruwa ko datti kaɗan ya isa ya lalata su, mota ta fara baƙin hayaƙi da shan mai fiye da kima. Tsiyaye ruwan aikin minti biyu ne. Masu sayen motocin da aka yi amfani da su a Turai su ƙara kula, domin an ƙera su ne don man da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, yawancinsu kuma suna da matacin toka a salansa wanda mai maras kyau da yawan silo ke toshewa. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan a 2020, kuma hukumar NMDPRA mai sa ido a kan tacewa da rarraba mai, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke da alhakin tabbatar da cewa abin da ke fitowa daga famfon gidan mai ya cika ƙa'ida.

Roƙona ga hukumomi da kamfanonin da ke sayen a-kori-kura da yawa shi ne su riƙa neman dillali ya rubuta musu lita nawa motar ke sha a kilomita 100 kafin a sa hannu, su fifita allon mai da fitilar iskar taya a kan ƙarfen ado, su kuma ware yini guda a zauna da direbobi a bayyana musu littafin motar da Hausa, tunda da Turanci yake zuwa kuma yawanci a leda yake tsufa. Ƙungiyoyin kanikawa na Dilimi a nan Jos da na Apo a Abuja su ja hankalin mambobinsu a kan cire tamostat da yanke wayar fitilun gargaɗi. Ku kuma 'yan jarida, idan kun kawo labarin an raba sababbin motoci ga wata ma'aikata, ku tambaya mana nawa aka ware na mansu a shekara, kuma wa zai riƙa duba littafin kilomita.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Mai jigilar kayan gwari,
Farin Gada, Jos.