Ramen ba abincin masu kuɗi ba ne, matan Kano za su iya yin sa

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana a kan ramen, taliyar Japan ɗin nan da yaranmu suke yayi a Kano, wadda wasu ke cewa Indomie ce kawai aka tsuga wa kuɗi. Ni sana'ata girkin biki da suna, kuma na ci da bakina, na ga ba haka ba ne.

'Yata ce ta matsa mini muka je wani shago a Nasarawa, inda muka tarar da layi har bakin ƙofa. Aka kawo kwano mai zurfi yana tururi: taliya siririya a nutse cikin romo fari, mai kauri kamar kunun gyaɗa, a sama ga yankan ƙirjin kaza, ga ƙwai da aka raba biyu gwaiduwarsa ba ta gama daskarewa ba, sai ganyen albasa. Duk wanda ya kurɓa zai ce madara aka zuba. Na sa aka kira mini mai girkin, ya rusuna ya ce, "Hajiya, ko ɗigo babu. Ƙashi ne da wuta."

Nan fa hankalina ya tsaya. Mu idan muna farfesu, wuta muke ragewa don romo ya fito garau. Su kuwa a wannan nau'in da suke kira tori paitan, ƙashin kaza da ƙafafu da fukafukai da wuya suke tarawa, su wanke jinin tas, su bar tukunya tana tafarfasa da ƙarfi awa shida ko fiye. Tafasar ce ke farfasa kitsen, ya gauraya da danƙon da ke fita daga fata da guringuntsi, har ruwan ya koma fari. Bayan ka gama sha za ka ji leɓenka yana mannewa. Ita kuma taliyar, garin alkama ne da gishiri da wani ruwa da ake kira kansui, ɗan'uwan kanwarmu, shi ke ba ta launin ɗorawa ya kuma hana ta saurin caɓewa. Duk da haka ba a barin ta ta jira, da zafinta ake ci.

Abin da ya dame ni shi ne farashi. Kuɗin kwano ɗaya ya kusa sayen kaza sukutum a kasuwar Tarauni. Alhali a can inda abin ya fito, daga hannun 'yan China ya shiga Japan, aka buɗe shagonsa da ya yi suna a unguwar Asakusa ta Tokyo a 1910, ya zama abincin leburori da masu ƙaramin ƙarfi. Ta cikin leda ma da wani ɗan kasuwa a Japan mai suna Momofuku Ando ya fitar a 1958, mai ɗanɗanon kaza, ita ce kakar wadda mai shayi ke soya mana da ƙwai a bakin titi. To don me za ta zo Kano ta zama ta 'ya'yan manya?

Me muka rasa? Ana noman alkama a Kadawa. Kusan kowane lungu na cikin gari akwai mata masu injin taliyar murji, suna shanya ta a kan igiya, yara na saye da manja da yaji. Ƙafafu da wuyan kaji kuwa, a wajen masu figa su ne mafi araha. Na gwada a gida da tsohuwar kazar Hausa, na sa citta da tafarnuwa, na murza 'yar daddawa da yaji a gindin kwano kafin in zuba romon. Maigidan da ba ya son baƙon abinci sai da ya nemi ƙari. Wahalar ɗaya ce, cin wuta. Gas ba zai kai ba, sai gawayi da babbar tukunya, a dafa na mutum da yawa lokaci guda.

Sai kuma wata magana da ba ta wasa ba. A Japan, ramen da yawa da ƙashin alade ake yi, shi ne tonkotsu, naman da ake ɗorawa a kai ma galibi na alade ne, kuma ana ɗiga giyar shinkafa da suke kira sake ko mirin a kayan ɗanɗano. Shagon da na je sun tabbatar mini ba sa amfani da ko ɗaya, amma sai da na tambaya, domin takardar abincinsu duk Turanci ne da sunayen Japananci. Ina kira ga masu irin waɗannan shaguna su rubuta abin da ke cikin kwano da Hausa, iyaye kuma su koya wa yara tambaya, musamman masu zuwa karatu waje. Masu hawan jini su ma su yi hattara, gishirinsa da yawa.

Malam Edita, don Allah ka tura masu shafin girke-girke su zauna da matan murji, a auna yawan kanwar da za a sa a mudun gari, a buga don kowa ya gani. Idan suna neman wadda za ta nuna musu dahuwar romon, ƙofata a buɗe take.

Wassalam.
Wata mai sana'ar girki, Fagge, Kano