Tsohon gininmu ya shiga rajistar kayan tarihi: abin da ya shafi iyaye

Iyayenmu da masu riƙon yara, barkanku da ƙoƙari.

An saka tsohon ginin ajujuwa a rajistar gine-ginen tarihi. Karatu zai ci gaba a cikinsa, amma daga yanzu ba a fasa bango, sauya taga ko canja rufi sai da rubutaccen izinin hukumar adana kayan tarihi.

Fasalinsa ne ya jawo masa wannan daraja. An gina shi tun ba a dogara da lantarki ba, shi ya sa rufin ya yi tsawo, zafi ya samu wurin tashi. Manyan tagogin kuwa suna hagun ɗalibi, don kada inuwar hannun dama ta rufe rubutu.

Ga masu niyyar tallafa mana da siminti don gyaran ginin, mun gode, amma a dakata. Da farar ƙasa da yashi aka ɗaure bulon, kuma irin wannan bango yana shan danshi ya sake fitar da shi. Siminti yana toshe hanyar, sai ruwa ya maƙale a ciki, gishiri ya taru, fuskar bulo ta riƙa ɓarewa. Fentin mai ma haka yake yi. Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta amince da dabarun zamani ne kawai inda na gargajiya suka gaza, a nan kuwa ba su gaza ba.

Magina za su ƙwaƙule ruɓaɓɓen kwaɓin da ke tsakanin bulo, zurfin ya ninka faɗin layin sau 2, su jiƙa wurin, sannan su cike da kwaɓin farar ƙasa kashi 1, yashi kashi 3. Za ku ga jiƙaƙƙun buhuna rataye a bango na kwanaki. Ba sakaci ba ne: farar ƙasa daga iska take samun ƙarfi sannu a hankali, in ta bushe da gaggawa sai ta tsage ta koma gari.

Kafin wannan duka sai an gyara indararo, domin yawancin danshin daga can yake sauka. Za kuma a kwashe ƙasar da ta taru a gindin bango har ta sauka santimita 15 ƙasa da daɓen aji.

Tsohon fentin tagogi yana iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, don haka sai lokacin hutu za a kankare shi, a jiƙe. A ja wa yara kunne kada su ɓantare shi, kuma su wanke hannu kafin cin abinci.

Hukumar makaranta