Wasiƙa zuwa ga ɗana kan tafiyar Darak

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta shaida mini cewa ka ƙudura komawa Darak, garinmu na dā a yankin Tafkin Chadi, bayan sallah domin ka kama harkar banda, kuma wai ka ce tunda a can aka binne cibiyarka, ba ka bukatar wata takarda. Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Lokacin da aka haife ka, Darak tana hannun jihar Borno, ita muke biya wa haraji, da naira muke ciniki. A watan Oktoban 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci cewa yankin na Kamaru ne, a Disambar 2003 kuma Najeriya ta janye jami'anta. Mun kwanta muna 'yan gari, mun tashi muna baƙi, alhali ko kwalekwalenmu bai gusa daga inda muka ɗaure shi ba.

Gaskiya ne ɗan Najeriya yana shiga Kamaru ba tare da biza ba har na kwana 90, amma wannan sassauci na mai fasfo ne da ya je ziyara. Wanda zai zauna ya yi sana'a sai ya nemi takardar izinin zama. Katin ECOWAS da kake taƙama da shi ba zai fisshe ka ba, domin Kamaru ba ta cikin ƙungiyar. Ko mutanen Bakassi, yankin da shi ma kotun ta ba Kamaru, waɗanda yarjejeniyar Greentree ta 2006 tsakanin Obasanjo da Paul Biya ta ce ba za a tilasta musu tashi ko sauya ƙasa ba, wa'adin rangwamen da aka ba su ya ƙare a Agustan 2013.

Ina tsaye a bakin ruwa ranar da wani jami'i ya karɓi rasidin harajin kawunka, ya juya shi gaba da baya, ya miƙa masa ya ce wannan na wata ƙasa ne. Ka san abin da ya biyo baya. Har yau kana ganin tsoro ne ya sa na bar gida da komar kamun kifi na kwaso ku zuwa Gombe, kuma ka faɗa a gaban ƙannenka, na ji. Da ban taso ba, da wace takarda za ka shiga makaranta? Yaron da bai taɓa kwana a tsare ba ne zai koya mini jarumta?

Ban hana ka neman halalinka ba, ɗana, ni ma da banda na ciyar da ku. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a tsare ka a inda Kamaru za ta ce kai baƙo ne, Najeriya kuma ta rasa shaidar cewa kai nata ne. Ka zo gida kafin sallah mu je ofishin shige da fice tare, na sayar da tunkiya biyu na ajiye kuɗin fasfon. Takardar haihuwarka tana cikin akwatin mahaifiyarka, ka taho da hotunanka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Jekadafari, Gombe.