Wasiƙa daga Newcastle

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Ka yafe mini shirun nan, karatu da sanyi ne suka sa ni gaba. Amma tun da na ga saƙonka cewa ka tattara burushi da fenti ka ba ƙanenka, wai aikin ofis ya cinye ka, raina bai kwanta ba.

Ranar Asabar na shiga bas zuwa Peterlee, garin da aka gina wa masu haƙar kwal bayan yaƙin duniya na biyu. A tsakiyar gidajen mutane akwai wani gini na kankare zalla da ya haye kan ɗan tafki, ba ƙofa ba taga, ana ce masa Apollo Pavilion. A 1969 aka gama shi. Na daɗe tsaye ina kallon inuwarsa cikin ruwa, wasu yara biyu na ta tsere a matakalarsa. Mai zane ne ya tsara shi, Victor Pasmore, kuma saboda shi na ɗauko biro.

Mahaifinsa ya rasu a 1927, dole ya kama aikin akawu a majalisar gundumar Landan. Shekara goma cur yana kan teburin nan, in an tashi ya wuce ajin zane na yamma. Sai a 1937 shi da masu zane William Coldstream da Claude Rogers suka buɗe makarantar zane da aka sani da Euston Road. Goma fa! Kai shekara uku kacal ka yi, har ka fara maganar dattawa.

Af, wai da gaske ne angon namu ya ajiye tumbi? Ka ce masa ina nan zuwa da ma'auni. Kilishin da ka aiko kuwa ko sati bai yi ba.

Abin da ya fi burge ni, mutane sun gama sabawa da zanen Pasmore na kogin Thames cikin hazo, wajen 1948 sai ya juya ga layi da siffofi zalla, yana ɗan shekara arba'in. Daga 1954 zuwa 1961 a nan Newcastle ya koyar, tare da wani mai zane, Richard Hamilton. Ba sa fara ɗalibi da zana mutum. Ɗigo tukuna, sai layi, sai yadda launi ke zama kusa da ɗan'uwansa. Nan take na tuna malaminmu da tulun nan da ya sa mu zana zango guda, muna ta gunaguni, kai kaɗai ka fito da tsagar bakinsa daidai.

Don Allah ka je ka karɓo kayanka wajen yaron nan. Ko rabin awa ce bayan Isha'i. Ka zana mini rumfar mai shayin bakin layinku, da butar da bencin, ka ɗauka a waya ka turo kafin Sallah.

Ka gaida Hajiya da kyau.

Naka har kullum.