A Daina Raba Ɗaukar Hoto da Gyaransa da Tsara Shafi Wajen Koyarwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin mu yi magana a kan sana'ar da matasa ke tururuwar shiga a yanzu, wato ɗaukar hoto, da gyara shi a kwamfuta, da tsara shafin da za a buga. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake koyar da su a rarrabe, kuma daga tsakiya ake farawa. Sai ka ga ɗalibi ya shafe wata uku yana haddace maɓallan Photoshop, amma bai san dalilin da ya sa fuskar mutum ta fito baƙi ƙirin a hoton da ya ɗauka da rana tsaka ba. Wani kuma ya iya ɗauka, amma da an buga aikinsa a takarda sai ya fito dishi-dishi, ya koma yana ɗora wa maɗaba'a laifi. Ayyukan nan uku igiya ɗaya ce, kuma tun ran gini ran zane: abin da aka ɓata lokacin ɗauka, da wuya kwamfuta ta dawo da shi.

Haske ya kamata a fara koyarwa. Da abu uku kyamara ke sarrafa shi. Na farko ƙofar da haske ke shiga ta cikin gilashin kyamara, wadda ake auna ta da lambobi kamar f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11 da f/16. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ƙaramar lamba ce babbar ƙofa, kuma duk matakin da aka hau a jerin nan rabin hasken ne ke raguwa. Ƙofar ba haske kaɗai take shafa ba. A f/2.8 mutum ɗaya zai fito tar, bayansa ya narke, abin da ake so ke nan a hoton fuska. Amma in jama'a ce ta yi sahu biyu ko uku, to a koma f/8, in ba haka ba na baya duk za su fito a dushe. Kuma a hoton mutum, a kan ido ake saita kyamara, ba a kan hanci ko riga ba.

Na biyu saurin ƙiftawar kyamara. Mutum a zaune 1/125 na daƙiƙa ya ishe shi, mai tafiya 1/250, mai gudu ko ɗan ƙwallo sai 1/1000. Akwai kuma rawar hannun mai ɗauka: in gilashin mai jawo nesa ne na milimita 200, kada a sauka ƙasa da 1/200 sai in an ɗora kyamarar a kan ƙafa uku. Na uku shi ne ISO, wato lambar da ake ɗagawa domin hoto ya ƙara haske in hasken wurin ya yi ƙaranci. A rana 100 ya wadatar, a cikin ɗaki akan kai 800 ko 1600, kuma yana hawa tsaki-tsaki na ƙaruwa a hoton. Ɗalibai da yawa tsoron ɗaga ISO suke yi, sai su rage saurin ƙiftawa, hoton ya girgiza. Wannan kuskure ne. Hoto mai ɗan tsaki wanda ya fito tar ana iya buga shi, wanda ya girgiza kuwa sai kwandon shara. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ke taimaka wa mai koyo: in rana ta buɗe tarwai, f/16 da ISO 100 da 1/125 za su kai shi kusa da daidai, daga nan ya riƙa musanya ɗaya da ɗaya yana ganin abin da ke sauyawa.

A nan muke so masu koyarwa su daɗe, domin nan ne matsalar da ta fi yawa take. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara ba ya gane mutum, duk abin da ya gani so yake ya mayar da shi tsaka-tsaki, ruwan toka. Saboda haka in mai duhun fata ya sa fararen kaya, ko ya tsaya taga na bayansa, kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskar ta nutse. Maganin gaggawa shi ne a danna maɓallin nan mai alamar +/- a ƙara mataki ɗaya, ko a sa kyamarar ta auna daga fuskar kaɗai. Sai dai ƙarin yana iya ƙone farar rigar ta zama fili fetal babu ko zare. Abin da ya fi shi ne a kai mutumin bakin inuwa ya fuskanci inda haske ke fitowa, domin a inuwa tazarar da ke tsakanin fari da duhu tana raguwa har kyamara ta iya riƙe duka biyun. Rana tsaka kuma tana zuba inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin hanci. Farin kwali da wani zai riƙe daga ƙasa yana mayar da haske fuska, ko a kunna filasha a hankali ko da rana ce. Bayan an ɗauka, kada a yarda da allon kyamara, domin a rana yaudara yake yi. A duba jadawalin hasken da ake kira histogiram, wanda ke fitowa kamar tudu, duhu a hagu, fari a dama. In tudun ya manne da bangon dama, farin ya ƙone, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a ɗauka ba.

Launin haske ma yana da ma'auni. Hasken rana wajen 5500 yake a ma'aunin Kelvin, tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja kuma wajen 3000, shi ya sa hoton cikin ɗaki ke fitowa ruwan ɗorawa in ba a saita ba. Wanda kyamararsa ke ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, ya yi amfani da shi a aiki mai muhimmanci. JPEG, wato matsattsen fayil ɗin hoto da aka saba da shi, matakan haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa 4096 ko 16384, don haka in aka buɗe inuwa a RAW fuska na fitowa lafiya, a JPEG kuma sai ta farfashe.

In an zo gyara, ba a taɓa asalin hoto. A kwafe shi, a ajiye asalin a wuri biyu daban, a yi aiki a kan kwafin. Duk lokacin da aka buɗe JPEG aka gyara aka sake adana shi, wani abu na zubewa daga ingancinsa, saboda haka a riƙa ajiye aikin da ba a gama ba a TIFF ko PSD, nau'o'in fayil da ba sa zubar da inganci, sai a ƙarshe a fitar da JPEG sau ɗaya. Gyaran kansa yana da jeri: a miƙe hoton in ya karkace a yanke abin da ba a buƙata, a daidaita launin haske, a gyara hasken gaba ɗaya, sannan a sauko da wuraren da suka yi fari a buɗe waɗanda suka yi duhu, sai launi. Kaifafawa ita ce ta ƙarshe, bayan an mayar da hoton girman da za a buga shi, kuma ana kallonsa a allo a cikakken girmansa, wato kashi 100. In farin zobe ya fara bayyana a gefen kai ko kafaɗa, an wuce gona da iri. Rashin kuɗin manhaja ba hujja ba ce, domin GIMP da darktable kyauta suke, kuma duk abin da muka lissafa suna yi.

Wani abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ɗabi'ar goge fata har ta koma kamar roba, da haskaka ta har mutum ya kasa gane kansa. Gwaninta ita ce a fito da fatar mutum yadda Allah ya yi ta, da ƙyallinta da zanenta. A hoton labari kuwa dokar ta fi tsanani: ana iya gyara haske da launi da yanke gefe, amma ba a cire mutum, ba a ƙara taro, ba a juya hoto dama ta koma hagu. Wanda ya yi haka ƙarya ya buga, ko da babu kalma ɗaya a ciki.

Sai lissafin girma, wanda ɗalibai ke gudu alhali ninkawa ce kawai. Mujalla da takarda mai sheƙi suna buƙatar fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 300 a kowane inci, takardar jarida kuma wajen 200 ya ishe ta. Hoton da zai ci faɗin santimita 10, wato kusan inci 4, yana buƙatar fiksel wajen 1200 a mujalla, 800 a jarida. Cikakken shafin A4 a 300 fiksel 2480 ne a faɗi, 3508 a tsawo. Hoton waya mai faɗin fiksel 4000 zai kai wajen santimita 34 lafiya lau, amma wanda aka kwaso daga Facebook mai faɗin 800 bai kai santimita 7 ba a mujalla. Rubuta 300 a akwatin manhaja ba ya ƙara wa hoto abin da ba shi da shi. WhatsApp ma yana matse hoto in an tura shi kai tsaye, don haka a tura shi a matsayin fayil.

Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK, kuma akwai launukan da allo ke nunawa waɗanda tawada ba ta iya kaiwa, musamman shuɗi da kore masu walƙiya. Takardar jarida tana shan tawada, kowane ɗigo ya bazu, shi ya sa hoto ke fitowa da duhu fiye da yadda aka gan shi a allo. A ɗan buɗe tsakiyar hasken hoton kafin a tura, kuma jimillar tawada huɗun a wuri mafi duhu kada ta haura kashi 240 cikin 400 (kowace tawada tana iya kai kashi 100), in ba haka ba shafi zai jiƙe ya shafi na kusa da shi. Ƙananan rubutu a yi su da baƙar tawada zalla. In aka haɗa baƙin daga launi huɗu, da farantin buga launi ɗaya ya ɗan goce a inji sai haruffa su yi inuwa mai launi, karatu ya gagara. Mafi sauƙi dai a tambayi maɗaba'a saitin da take so tun kafin a fara.

Tsara shafi da manhajar InDesign ko Scribus ake yi, na biyun kyauta ne. Kafin a sa komai a raba shafin ginshiƙi-ginshiƙi, a bar tazarar milimita 4 zuwa 5 a tsakaninsu. Girman haruffan labari maki 9 ko 10 a ma'aunin manhaja, tazarar layi ta fi shi da kamar kashi 20, layi ɗaya ya ɗauki haruffa 35 zuwa 45. Salon rubutu biyu sun isa, ɗaya na kanu ɗaya na labari. Kowane shafi ya samu hoto ɗaya da ya fi saura girma, domin ido ya san inda zai sauka, kuma mutumin da ke cikin hoton ya kalli cikin shafi, ba waje ba. Ba a jan hoto ta gefe ɗaya don ya cika gurbi, a kulle tsawo da faɗi tare, in bai shiga ba a yanke. Kowane hoto da bayaninsa a ƙasa: wane ne, a ina, yaushe, wa ya ɗauka. Hoton da zai kai bakin takarda a bar masa rarar milimita 3 saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kullum.

Mai tsara shafin Hausa yana da ƙarin nauyi da littattafan koyarwa ba sa ambata. Ba kowane salon rubutu ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. In babu su, ko dai akwati ya fito a gurbinsu, ko manhaja ta aro su daga wani salon su fito bare a tsakiyar kalma, sai mai tsarawa ya gaji ya mayar da su k da d da b. Nan take ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, ma'ana ta sauya. Charis SIL da Gentium da Noto duk suna da haruffan nan manya da ƙanana, kuma kyauta ne. A gwada manyan Ƙ da Ɗ da Ɓ a kanu tun da wuri, har da rubutu mai kauri. Sannan a kashe tsarin da ke raba kalma da kansa a ƙarshen layi, domin da ƙa'idar wani harshe yake yanka, yana iya raba ts ko sh ko ƙw gida biyu. Wajen fitar da PDF a tabbatar an cusa salon rubutun a cikin fayil ɗin, a zaɓi PDF/X, wato nau'in PDF da aka tanada domin maɗaba'a, a buga gwaji a takarda a karanta da ido kafin a tura.

Roƙonmu ga masu koyarwa shi ne kada a ba ɗalibi shaidar kammalawa sai ya yi aiki ɗaya daga farko har ƙarshe: ya ɗauki hoton mutum ɗaya a rana da inuwa da cikin ɗaki, ya gyara ukun, ya lissafa girmansu, ya tsara su a shafin A4 da labari na kalma 300 mai haruffa masu lanƙwasa, ya buga a takarda, sannan ya ajiye takardar kusa da allo ya bayyana dalilin kowane bambanci da ya gani. Ga Edita kuma, muna fatan jaridar nan za ta ware wani ɗan gurbi lokaci-lokaci inda masu ɗaukar hotonta da masu tsara shafukanta za su riƙa ɗauko shafi ɗaya da aka riga aka buga, su nuna wa masu karatu saitin da aka ɗauki hoton da shi da yadda aka shirya shi kafin ya shiga inji.

Wassalam.

Daga wasu masu koyar da ɗaukar hoto da tsara shafi.